Bikin Abinci Kaɗai Ba Zai Riƙe Cibiyoyin Fasahar 'Yan Latino Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi bayani a kan wani al'amari da na daɗe ina lura da shi a birnin Chicago na ƙasar Amurka, inda na yi shekaru ina maƙwabtaka da mutanen da asalinsu ya fito daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, waɗanda a nan ake kira 'yan Latino. Al'amarin shi ne yadda ƙananan ƙungiyoyinsu na fasaha da al'adu, waɗanda ba don neman riba aka kafa su ba, suke fafutukar samun kuɗin da za su ci gaba da buɗe ƙofa, da kuma yadda da yawa daga cikinsu suka jingina rayuwarsu da bikin abinci na shekara-shekara. Wani maƙwabcina ne ya ja ni cikin kwamitin tara gudummawa na wata irin wannan ƙungiya, kuma abin da na gani a littafin lissafinta ya sa na daina auna lafiyar ƙungiya da yawan jama'ar da suka cika titi ranar bikinta.

Ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna cewa 'yan Latino sun kai kimanin miliyan 62, wato kusan kashi 19 cikin 100 na mutanen Amurka. Cibiyoyinsu na fasaha da suka yi suna yawanci an kafa su ne a zamanin da manyan gidajen adana kayan fasaha ba su da wurin rataya zanen ɗan Meziko ko ɗan Puerto Rico da aka haifa a cikin ƙasar. An kafa El Museo del Barrio a New York a 1969, Galería de la Raza a San Francisco a 1970, sai Guadalupe Cultural Arts Center a San Antonio a 1980. A gabashin Los Angeles, wata mai hidimar cocin Katolika, Karen Boccalero, ta haɗa kai da wasu masu zane a farkon shekarun 1970 suka fara Self Help Graphics, inda matasan unguwa suke koyon buga hoto a takarda. A nan Chicago kuwa, malamin makaranta Carlos Tortolero da abokan aikinsa sun fara da dala 900 kacal a 1982, suka buɗe gidan adana fasahar Meziko a unguwar Pilsen a 1987, kuma har yau ba a karɓar ko sisi a ƙofarsa. A bayan waɗannan akwai ɗaruruwan ƙanana da ba a jin sunansu a waje da unguwanninsu: shago ɗaya na haya, ma'aikaci ɗaya ko biyu, ajin kiɗan gargajiyar Meziko na mariyaci da yamma, ajin rawar gargajiya ranar Asabar, da matasa masu zanen bango a lokacin hutu. Su ne nake magana a kansu.

Dokar harajin Amurka ta tanadar wa irin waɗannan ƙungiyoyi matsayi a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3), wanda ya yafe musu harajin kuɗin shiga, ya kuma ba wanda ya yi musu kyauta damar cire ta daga abin da za a lissafa masa haraji a kai. A madadin haka ana buƙatar su miƙa wa hukumar haraji bayanin kuɗinsu duk shekara a takardar da ake kira 990, wadda kowa yana iya neman gani. Tsarin yana da kyau a takarda, sai dai ragin harajin ya fi amfanar masu hannu da shuni, domin tun bayan gyaran dokar da aka yi a 2017 kimanin mutum tara cikin goma na masu biyan haraji ba sa zayyana kyaututtukansu ɗaya bayan ɗaya. Mai aikin gini ko mai goge ofis da ya ba da dala 20 ya ba da ita ne don kansa ya ga dama.

Shi bikin abincin ba wanda zai je ya dawo yana kushe shi. Ana rufe titi, a jera rumfuna, ƙamshin gasasshiyar masara ya haɗu da na nama, ga tamale da aka dafa a cikin ɓawon masara, ga pupusa ta mutanen El Salvador, ga arepa ta Kolombiya da Benezuwela, ga makaɗa a kan dandamali tun hantsi har dare. Ni da ba na cin duk abin da ake sayarwa, na koyi tambayar irin kitsen da aka yi girki da shi kafin in miƙa kuɗi, kuma ban taɓa ganin mai rumfar da ta ɓata rai don tambayar ba. Akwai bukukuwan da suka girma har suka zama abin kwatance. Ƙungiyar Kiwanis ta unguwar Little Havana a Miami tana shirya bikin Calle Ocho tun 1978. A Pilsen, Fiesta del Sol ya samo asali ne a farkon shekarun 1970 daga ɗan taron murna da mutanen unguwa suka yi bayan sun matsa wa hukuma ta amince da gina musu makarantar sakandare ta Benito Juárez, kuma a yau yana ɗaukar kwana huɗu, kuɗinsa yana tallafa wa ɗalibai da ayyukan majalisar maƙwabta da ke shirya shi. Nasarar irin waɗannan ce take sa kowace ƙaramar ƙungiya ta ɗauka cewa ita ma idan ta rufe titi ta kafa rumfuna, kuɗin shekara ya samu.

Lissafin kuwa ba haka yake faɗa ba. Kafin a sayar da tamale ɗaya, sai an biya kuɗin izinin rufe titi, an sayi inshorar da za ta ɗauki nauyin duk wanda ya ji rauni, an ɗauki jami'an tsaro, an yi hayar dandamali da amsa-kuwwa da janareta da shingaye da ban-ɗakunan tafi-da-gidanka, an biya masu kwashe shara, an kuma cika sharuɗɗan hukumar lafiya a kan kowace rumfa. Mafi yawan waɗannan ana biyansu ne tun makonni kafin ranar, kuma ba a mayar da su idan hadari ya taso ya kori jama'a. A Chicago akwai ƙarin wata matsala: tun da titi na gwamnati ne, masu biki ba su da ikon tilasta wa kowa biyan kuɗin shiga, iyakarsu su roƙi gudummawa a bakin ƙofa, kuma duk wanda ya ga dama sai ya wuce abinsa. A shekarar da na zauna a kwamitin, mun kwana muna murnar cikar titi, washegari ma'aji ya karanta mana abin da ya rage bayan an biya kowa, sai ga shi bai kai hayar wata uku ba. Wannan ma ba a lissafa watanni huɗun da ma'aikatan ƙungiyar biyu suka yi suna zirga-zirgar takardu ba, lokacin da ajin kiɗa ya koma hannun 'yan sa-kai. Taron tsintsiya ne aka yi, sharar kuwa kaɗan ce.

Idan giɓi ya bayyana, wuri na farko da kwamiti yake kai ido shi ne kuɗin rumfa, kuma a nan ne na fi samun saɓani da abokan zamana. Masu rumfunan nan yawancinsu mata ne da ke girki a ɗan ƙaramin kicin, wasu ma sai sun ci bashi kafin su sayi nama da gas na kwana biyu. Idan aka ƙara musu kuɗi, ko dai su ƙara wa abinci farashi har mutanen unguwa su kasa saye, ko su janye su bar wa manyan gidajen abinci filin, bikin ya rasa ɗanɗanon da ya sa ake zuwa. Ƙungiyar da aka kafa don ɗaga al'adar unguwa ba ta kyauta ba idan ta toshe ramin kasafinta da guminsu. Ƙungiyar La Cocina ta San Francisco, wadda tun 2005 take ba mata baƙin haure kicin mai lasisi da horon kasuwanci, ta fara bikin abincin titi a 2009 don a san masu girkinta. Duk da sunan da ta yi, kasuwar abinci ta dindindin da ta buɗe a tsakiyar birnin a 2021 ta daina sayar wa jama'a a 2023, saboda masu saye sun yi ƙaranci bayan ma'aikatan ofisoshi sun koma aiki daga gida. Idan ƙwararru a harkar abinci sun gamu da haka, ƙungiyar da sana'arta koyar da rawa ya kamata ta yi hattara.

Wuri na biyu shi ne kamfanoni masu ɗaukar nauyi, kuma waɗanda suka fi saurin buɗe jaka su ne masu sayar da giya. Tarihin ranar Cinco de Mayo, wato 5 ga Mayu, ya isa misali. Ranar tunawa ce da nasarar sojojin Meziko a kan na Faransa a Puebla a 1862, amma tun daga shekarun 1980 tallace-tallacen kamfanonin giya suka mayar da ita ranar shaye-shaye a idon yawancin Amurkawa, har da yawa suna zaton ita ce ranar samun 'yancin Meziko, alhali wannan 16 ga Satumba ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ya biya kuɗin dandamali zai so tutarsa ta fi zanen yaran unguwa girma, kuma ranar da sashen tallarsa ya sauya shawara, wasiƙa ɗaya ta isa ta raba ƙungiya da kashi mafi tsoka na kasafin bikinta.

Sai gidauniyoyi da gwamnati. Wani bincike da Helicon Collaborative ta fitar a 2017 ya gano cewa kashi 2 cikin 100 na cibiyoyin al'adu a Amurka, wato mafi girmansu, su ne suke kwashe kusan kashi 60 na duk gudummawar da ake bayarwa a fannin. Wani kuma da aka yi tare da ƙungiyar Hispanics in Philanthropy a 2011 ya nuna cewa abin da gidauniyoyi suke warewa musamman don 'yan Latino ya ɗan haura kashi 1 ne kawai cikin 100. Ɗan abin da ya iso ma yakan zo da igiya a wuya: an ba da shi don wani shiri na musamman, ba a yarda a taɓa shi don haya ko wutar lantarki ko albashin mai riƙe da lissafi ba, kamar dai shirin zai gudana ne a sararin sama. Tallafin gwamnati kuma sau da yawa sai ƙungiya ta kashe nata ta kai rasit sannan a biya ta, wanda ke nufin marar ajiya ba ya ma iya cin moriyarsa. Hukumar tallafa wa fasaha ta tarayya, NEA, wadda aka kafa a 1965, kasafinta ya tsaya a wajen dala miliyan 207 a 'yan shekarun nan, abin da bai kai dala ɗaya a kan kowane ɗan ƙasa ba, kuma ta saba neman ƙungiya ta kawo dala ɗaya daga wani wuri a kan kowace dalar da za ta ba ta. A farkon 2025 ta soke shirinta na Challenge America, mai ba ƙananan ƙungiyoyi dala 10,000, sannan a watan Mayu ta aika wa ɗaruruwan ƙungiyoyi saƙon janye tallafin da ta riga ta yi musu alkawari.

A shekarar 2025 ɗin ce kuma aka ga cewa taron da ake taƙama da shi yana iya watsewa ba tare da ruwan sama ba. Saboda fargabar samamen jami'an shige da fice, masu shirya faretin Cinco de Mayo na unguwar Little Village a Chicago sun soke shi, haka ma aka soke Carnaval de Puebla a Philadelphia, sannan a watan Satumba aka ɗage bikin El Grito na murnar 'yancin Meziko a tsakiyar Chicago. Ba na ganin laifin waɗanda suka yanke wannan shawara, domin ba wanda zai so ya tara iyalai a wuri ɗaya ya zama sanadin rabuwarsu. Amma wannan shi ne karo na biyu cikin shekara biyar, bayan annobar korona ta 2020, da ƙungiyar da ta dogara da rana ɗaya ta wayi gari babu ranar.

Adalci ne in ambaci cewa manyan masu kyauta sun taɓa yin abin a yaba. A watan Yunin 2021 attajira MacKenzie Scott ta raba kimanin dala biliyan 2.7 ga ƙungiyoyi 286, kuma gidan adana fasahar Meziko na Pilsen da El Museo del Barrio kowannensu ya samu dala miliyan 8. Abin da ya fi yawan kuɗin muhimmanci shi ne ba ta gindaya sharaɗi ba, ta bar wa masu aikin su yanke inda ya fi buƙata. Sai dai irin wannan sa'a ba a rubuta ta a kasafin shekara, kuma ba ta cika sauka a kan mai shago ɗaya ba.

Abin da ya fi kashe ƙananan cibiyoyi shi ne haya. Unguwannin da masu zanen bango suka ƙawata su ne suke jawo masu kuɗi, farashin gidaje ya tashi, sai mai zanen ya zama na farkon da za a kora. A 2018 Galería de la Raza ta bar ginin da ta shafe fiye da shekara arba'in a cikinsa a titi na 24 na unguwar Mission bayan an buƙaci ƙarin haya da ya fi ƙarfinta. A shekarar ce kuma Self Help Graphics ta sayi ginin da take ciki a Boyle Heights. Duk wanda ya ajiye labaran nan biyu gefe da gefe zai gane inda ya kamata gumin tara kuɗi ya dosa, kuma ribar rumfunan kwana biyu ba za ta taɓa kai ƙungiya can ba.

Akwai wata magana da nake yawan ji daga masu ba da shawara a kan tara kuɗi, wai 'yan Latino ba su da al'adar bayarwa, don haka a nemi kuɗi a wajen unguwa. Wannan magana ba ta da tushe. A 2023 kaɗai, kuɗin da ake aikawa gida Meziko ya haura dala biliyan 63, mafi yawansa daga aljihun ma'aikata a Amurka. Tun 1894 aka kafa Alianza Hispano-Americana a Tucson, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin taimakon juna da ake kira mutualista, waɗanda mambobinsu suke zuba ɗan kuɗi duk wata don jinya da jana'iza. Har yau mata suna yin adashin da suke kira tanda, kuma coci-coci suna gyara rufinsu da kuɗin tamalen da aka kwana ana naɗewa. Mutanen nan suna bayarwa, kuma sun saba bayarwa a kai a kai ga wanda suka sani suka kuma yarda da shi. Abin da ba a cika yi ba shi ne a tambaye su da harshensu, a gaya musu gaskiyar abin da haya take ci, a kuma nuna musu lissafi a ƙarshen shekara.

Shawarar da na kawo wa kwamitinmu ke nan, kuma ita nake so in bai wa duk mai karatu da ya samu kansa a irin wannan kujera. Mutum 300 da za su riƙa ba da dala 10 duk wata sun tara dala 36,000 a shekara, kuɗin da ba shi da sharaɗi, ba ya jin tsoron hadari, kuma ba ya ɓacewa don mutum ɗaya ya yi fushi. Da yayyafi kogi kan cika. Bikin sai ya koma matsayin da ya fi dacewa da shi, wato ranar da ƙungiya take ganawa da mutanen da ba su taɓa taka ƙofarta ba. A rage girmansa zuwa abin da za a iya biya ko da an yi ruwa, a sauƙaƙa wa masu rumfa, a sa iyayen yaran da ke ajin kiɗa su tsaya a bakin ƙofa suna bayani da Sifaniyanci da Turanci, a kuma auna nasarar ranar da yawan waɗanda suka yi rajistar gudummawar wata-wata. Duk rarar da ta samu kuma a fara zuba ta a asusun ajiya har ya kai kuɗin gudanarwa na wata uku zuwa shida, kafin a yi maganar ƙara dandamali na biyu. A halin da ake ciki dole ne kuma a kula da abin da ake rubutawa game da masu bayarwa, kada a nemi bayanin da ba a buƙata, domin akwai waɗanda tsoron barin suna da adireshi ne kaɗai zai hana su.

Wata dattijuwa a kwamitin ta ƙalubalance ni da cewa ina so in ɗora wa talaka nauyin da ya rataya a wuyan gwamnati da attajirai, alhali manyan gidajen kiɗa na tsakiyar gari ba a ce wa masu goge musu daɓe su riƙe su. Maganarta tana da nauyi, kuma ban ce a daina neman tallafin hukuma ko a daina matsa wa gidauniyoyi su gyara rabonsu ba. Amsar da na ba ta ita ce, ƙungiyar da take da mambobi 300 masu biya tana shiga ofishin gidauniya da ƙarfin da marar su ba ta da shi, tana kuma iya cewa a'a ga kamfanin da ya zo da sharaɗin da bai dace ba. Ba ta gamsu gaba ɗaya ba. Mun dai amince a yi bikin baɗi na kwana ɗaya maimakon biyu, a bar kuɗin rumfa yadda yake, ita kuma ta karɓi aikin zama a teburin rajista, bisa sharaɗin cewa ni zan tsaya kusa da ita in riƙe akwatin.

Na gode da wannan fili da aka ba ni.

Naka,
Wani mai karatu,
Chicago, Amurka.